Kundin Aikin Rumbun Rahotanni na Ƙungiyar Manoman Fadama

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau bayan sallar la'asar kwamitin ƙungiyarmu ta manoman rani ya amince a fara aikin da muka daɗe muna tattaunawa a kansa, kuma an ɗora mini, a matsayina na magatakarda, nauyin rubuta abin da aka yi da abin da ya gagara. Manufar ita ce a samar da rumbu guda na kwamfuta wanda kowane ɗan ƙungiya zai iya jefa labari a cikinsa da irin wayar da ke aljihunsa, ta kowace hanyar da ta fi masa sauƙi, sannan labarin ya fito ya kai ga sauran jama'a a ƙauyukanmu shida da ke tsakanin Auyo da Kafin Hausa. Labarai iri uku muka ware tun farko, wato farashin amfanin gona a kasuwanni, da tsayin ruwa a kogin Hadejia da rassansa, da ɓullar ƙwari ko tsuntsaye jan baki a gonakin shinkafa.

Ambaliyar 2022 ce ta haifi wannan shawara. A waccan shekara mutanen da ke sama da mu a bakin kogin sun ga hauhawar ruwa da idonsu, wasu ma sun ɗauki hotuna sun tura wa 'ya'yansu a Kano, amma labarin bai sauko mana ba sai da ruwan kansa ya kawo shi. Ruwan da ke zuwa mana daga madatsar Tiga da ta Challawa yake fitowa, ya haɗu da na sama, ciyawar kachala kuma ta toshe masa hanyoyi da dama, saboda haka kwana ɗaya na gargaɗi yana iya zama bambanci tsakanin kwashe injin ban ruwa da rasa shi.

Sharaɗi ɗaya shugaban ƙungiya ya gindaya, kuma na rubuta shi yadda ya faɗa. Ya ce mini, "Malam, idan sai mai babbar waya ne zai yi magana, to 'ya'yanmu ne za su yi maganar, mu da ƙafarmu ke cikin ruwan mu yi shiru." Don haka ba za a ce wa kowa ya sayi sabuwar waya ko ya koyi sabuwar manhaja ba. Ɗan yayana da ya yi karatun kwamfuta a Kazaure, wanda shi ne zai riƙe ɓangaren fasaha, ya ce an taɓa yin makamancin haka a Kenya a farkon 2008, lokacin rikicin bayan zaɓe, inda aka kafa tsarin Ushahidi da ke karɓar rahoto ta tes da imel da intanet ya tara su wuri ɗaya. Sunan daga Suwahili yake, kuma tushensa ɗaya da kalmarmu ta shaida.

Lahadi, 26 ga Janairu

Mun yi mako biyu muna bin gida gida muna duba wayoyi. Mafi yawan magidanta ƙaramar waya mai madanni da tocila suke riƙewa, wadda batirinta ke yin kwana uku ko huɗu. Matasa ne ke da manyan wayoyin Android, amma datarsu ta ranar kasuwa ce, sauran kwanaki wayar kallon abin da aka tura musu a shagon caji kawai take yi. Mata da yawa ba su da tasu, suna aron ta maigida ko ta babban ɗa. Kwamfuta guda ce tak, ta ɗan yayana, sai kuma 'yan ƙungiya biyu da ke harka a kasuwar Dawanau waɗanda ke amfani da imel.

Daga nan muka zana tsarin a kan allon makarantar islamiyya. Kowace hanya za ta zama ƙofa, kuma aikin ƙofa shi ne ta karɓi saƙo a sigar da ya zo, ta mayar da shi siga guda mai gurabe biyar: wane ne ya turo, daga ina, yaushe, wane irin labari, da abin da ya ce. Rumbun da ke kan uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke kan intanet, bai damu da ko saƙon ya zo ta tes ko ta murya ba, gurabe biyar ɗin kawai yake gani. Amfanin wannan rabo shi ne idan wata ƙofa ta lalace, ko muka so ƙara wata, ba sai an taɓa rumbun ba. A kan allo abin ya yi kyau ƙwarai.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ƙofar tes ta fara aiki ranar Laraba. Wata tsohuwar wayar Android ce mai fasasshen gilashi muka sa wa sabon layi, muka jona ta da batirin sola a ɗakin ajiyar taki, a kan tagar gabas, domin nan kaɗai ne sabis ke tsayawa. Duk tes ɗin da ya shigo mata, wata 'yar manhaja tana ɗaukarsa ta miƙa wa rumbu, idan kuma babu data sai ta riƙe shi har ta samu. Dabarar tsohuwa ce, tun 2005 manhajar FrontlineSMS take yin irinta da kwamfuta da waya guda.

Abin da ya ci mana kuɗi a makon farko shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Na tura sanarwar gwaji ga mutum ashirin, na rubuta ta da Hausa mai kyau kamar yadda aka koya mana a makaranta, sai na ga kati ya zube fiye da lissafina har ninki uku. Ɗan yayana ya bincika ya gano dalili, kuma ina ganin ya cancanci a rubuta shi dalla dalla. Tes guda yana ɗaukar bayit 140 ne kacal, kowane bayit kuma ɗigo 8 ne, ɗigo shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai a kwamfuta. Idan duk haruffan saƙon suna cikin jerin da aka tsara wa wayoyin GSM, kowane harafi yana cin ɗigo 7, sai a sami haruffa 160. Amma ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin wannan jeri, kuma da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga saƙo, wayar tana sauya wa saƙon gaba ɗayansa tsari zuwa wanda kowane harafi ke cin ɗigo 16, sai gurbin ya koma haruffa 70. Idan saƙo ya yi tsawo aka yanka shi gida gida, kowane yanki yana rasa wani abu saboda alamar haɗi, sai ya zama 153 a tsarin farko, 67 a na biyu. Sanarwar tawa mai haruffa kusan 150, wadda da an rubuta ta ba lanƙwasa tes ɗaya ce, ta zama tes uku ga kowane mutum saboda kalmar ƙungiya kaɗai.

Alamar naira ma haka take, ba ta cikin jerin, alhali alamar fam da ta dala suna ciki, abin da ya nuna inda aka zauna aka tsara shi. Har waƙafin sama da muke sa wa 'ya'ya yana da tarko, domin miƙaƙƙensa yana cikin jerin, lanƙwasasshen da manyan wayoyi ke sakawa da kansu kuwa ba ya ciki. Wannan ya zo daidai lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a watan jiya da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data da tes, tes ɗin da muka saba turawa a naira 4 ya koma naira 6.

Mun yanke cewa duk abin da zai fita ta tes za a cire masa lanƙwasa a rubuta N a madadin alamar naira, amma a cikin rumbu za a ajiye shi da cikakken rubutu. Ban ji daɗin hukuncin ba, domin ni malamin makaranta ne kafin in zama magatakarda, kuma na sha jan kunnen yara a kan bambancin baki da baƙi. Sai dai ma'aji ya tuna mini cewa ƙananan wayoyi da yawa ma akwatuna suke nunawa a gurbin waɗannan haruffa, kuma kuɗin ƙungiya ne ake ƙonawa.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya rage mana kuzari, amma rahotannin farashi sun fara shigowa daga Gujungu ranar Lahadi da Maigatari ranar Alhamis. Mun koya wa masu rahoto su fara da sunan kaya, sannan kasuwa, sannan ma'auni, sannan kuɗi. Cikin kwana goma babu wanda ya bi wannan tsari sau biyu a jere. Wani yakan fara da sallama da tambayar iyali da ya ibada, wanda hakan ya dace da tarbiyya amma yana rikita manhajar. Wani ya rubuta riɗi 85 kawai, ba a san buhu yake nufi da dubbai ba ko kuwa wani abu dabam. Wani dattijo mai zuwa kara ya turo farashin akuya da jaka, ɗan yayana ya zo yana tambayata wace jaka ce, na bayyana masa cewa naira 200 ake nufi a tsohon lissafi. Mudu da tiya da kwano kuwa kowace kasuwa da nata girman.

Akwai wanda ya fi waɗannan. An turo "fari a gonar yamma" ba ƙarin bayani, kuma ko da haruffa masu lanƙwasa babu abin da zai raba farin ƙwari da farin rashin ruwa a rubuce, karin sauti ne ke raba su a baki. Na kira mai saƙon, ashe ƙwarin yake nufi.

Mun daina ƙoƙarin gyara mutane. Yanzu manhajar tana neman kalmomin da ta sani ko'ina suke a cikin saƙon, abin da ta fahimta ta shigar, abin da ba ta fahimta ba ta ajiye mini shi a kwandon jira in duba bayan asham.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ƙofar WhatsApp ta buɗe bayan ƙaramar salla, kuma ita ce ta sauya fuskar aikin. Tun farko mun so manhaja ta riƙa ɗauko saƙonnin da kanta kamar yadda take yi wa tes. Hanyar da Meta, kamfanin da ke da WhatsApp, ya tanada a hukumance domin haka an yi ta ne saboda 'yan kasuwa, tana buƙatar rajista da biyan kuɗi a kan wasu saƙonnin, ɓarauniyar hanya kuma tana iya jawo a rufe layin gaba ɗaya. Muka zaɓi mutum a madadin na'ura. Asusun WhatsApp guda yana yarda a haɗa shi da ƙarin na'urori har huɗu, don haka layin ƙungiya yana buɗe a wayata, da kwamfutar ɗan yayana, da wayar wata malamar islamiyya, kuma mun raba kwanakin mako a tsakaninmu. Wanda ke kan aiki yakan saurari saƙo, ya rubuta shi cikin gurabe biyar, ya jefa a rumbu.

Ban zaci saƙon murya zai rinjayi rubutu haka ba. Mutanen da ba su taɓa turo tes ko ɗaya ba, saboda karatun boko bai zauna musu ba ko idonsu ya yi rauni, yanzu suna karɓar wayar jikansu su danna su yi magana. Sarkin ruwan ƙauyen da ke can sama, wanda ya fi kowa sanin halin kogin, yakan yi minti uku yana bayani, ya faɗi launin ruwan, da irin tarkacen da yake ɗauke da shi, da inda kachala ta sake rufe wata mashiga. Babu gurbin da zai ɗauki wannan a tsarinmu, kuma duk lokacin da na matse maganarsa ta koma layi ɗaya ina jin na zubar da rabin ilimin. Saboda haka muka ƙara gurbi na shida inda ake liƙa asalin muryar, mai data ya saurara.

Shigowar malamar ce ta jawo mata. Masu surfe da masu turara shinkafa da masu sayar da man gyaɗa sun san farashin cikin gida fiye da mazan da ke zuwa kasuwa sau ɗaya a mako, amma ba za su turo murya zuwa layin da namiji baƙo zai saurara ba. Ranar Talata da Juma'a aka ware wa malamar, aka sanar a islamiyya cewa a waɗannan ranaku ita kaɗai ke saurare, mu kuma muka ɗaure kanmu da alkawarin ba za mu buɗe ba. Na tambaye ta ko za a liƙa muryoyinsu a rumbu kamar na maza, ta ce, "A'a Malam, rubutun ya isa, muryar matar mutum ba ta yawo." Haka aka yi, kuma da ta gama rubutawa take goge su.

Wani alaramma ya turo hoton takarda da rubutun ajami, yana ba da labarin tsutsa a gonar albasarsa. Na karanta shi ba wahala, na kuma rubuta a gefen littafina cewa wannan ma ƙofa ce da ba mu zana a kan allo ba.

Talata, 20 ga Mayu

An kawo shawarar a buɗe ƙofar lambobi irin ta banki, wadda ake danna tauraro da lamba a bi jerin zaɓi. Tana da kyau a fuska, domin tana aiki a kowace waya ba tare da data ba, kowa kuma ya saba da *310# na duba kuɗi da *311* na sa kati. Amma samun gajeriyar lamba yana bi ta hannun hukuma da kamfanonin waya, da kuɗin haya na wata wata da ƙungiya irin tamu ba za ta iya ɗauka ba. Ban da haka, zaman yana yankewa idan mutum ya yi jinkirin dannawa ko sabis ya girgiza, sai a koma farko, saɓanin tes da ke jira a cibiyar kamfani har wayar ta samu. Mun ajiye maganar.

A maimakonta mun buɗe filashin. Wanda ba shi da kati ya kira layin ya katse, mai aikin ranar ya kira shi ya rubuta abin da zai faɗa. Imel ma ya fara aiki ga mutanen Dawanau ta wani adireshi da ba a bayyana wa kowa ba, kan saƙon ya zama nau'in labari, cikinsa ya zama bayanin, kuma ban da share addu'o'in da suke liƙawa a ƙasa babu wata matsala. Matasa huɗu da za su riƙa karanta sandunan awon ruwa an sa musu fom na manhajar ODK, wadda ake cikewa ko babu sabis, ta tura da kanta idan an hau tudu.

Asabar, 14 ga Yuni

Tambayar wane ne ya turo, wadda muka ɗauka ita ce mafi sauƙi cikin gurabe biyar, ta fi duka wuya. Mun fara da ɗaukar lambar waya a matsayin mutum. Sai ga mutum ɗaya da layi uku, yana sauyawa gwargwadon wanda ke da sabis ko garaɓasa, ga kuma waya ɗaya da mutum huɗu na gida ɗaya ke turo saƙo da ita. Wasu an rufe musu layi a bara saboda rashin haɗa shi da lambar NIN, suka yi watsi da shi suka sayi sabo. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuwa kamfani yakan sake sayar da shi, kuma mun ga haka da idonmu: wata tsohuwar lamba da ke cikin littafin ƙungiya ta amsa mana da wani harshe, mai ita yana tambayar su wane ne mu.

Ɗan yayana ya ba kwamiti misalin da ya sa kowa ya nutsu. A watan Agustan 2019 an sace layin wayar Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, aka yi amfani da hanyar aikawa ta tes aka wallafa maganganu da sunansa, har kamfanin ya dakatar da wannan hanya. Idan an yi wa mai gidan haka, labarin ƙarya cewa ruwa ya ɓalle yana iya tayar da ƙauye shida cikin dare.

Yanzu kowane ɗan ƙungiya yana da lambarsa ta ƙungiya, ana rataya mata duk layukan da yake amfani da su, kuma sabon layi ba ya shiga sai wakilin ƙauye ya shaida. Farashi yana wucewa kai tsaye, domin kuskurensa ana gyara shi washegari. Labarin ruwa ba ya fita sai an kira mai shi an ji muryarsa, ko rahoto na biyu ya zo daga wani mutum dabam. Mun kuma karanta wa kowa abin da za a ajiye game da shi, muka nemi yardarsa, kamar yadda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanada, kuma ba a nuna lambar kowa a abin da ke fita.

Litinin, 18 ga Agusta

Na yi wata biyu ban rubuta ba saboda aikin damina, amma abin da ya faru daren Juma'a ba zai jira ba. An yi ruwa mai ƙarfi tun yammacin Alhamis, sabis ɗin layin da yawancinmu ke amfani da shi ya ɗauke. Yaron da ke karanta sandar awo ta sama ya cike fom da safiyar Alhamis, ruwa yana kan alama ta huɗu. Fom ɗin ya maƙale a wayarsa. Da yammacin Juma'a ya sake karantawa, ruwa ya kai alama ta bakwai, sai ya ari wayar maƙwabcinsa mai wani layin ya yi filashin, na kira shi na shigar da rahoton, sarkin ruwa ya tabbatar, muka tura gargaɗi, mutane suka fara janye injuna da buhunan taki daga bakin fadama.

Wajen ƙarfe goma na dare sabis ya dawo, tsohon fom ɗin Alhamis ya shigo. Rumbun yana jera rahotanni ne bisa lokacin da suka iso, don haka ya ɗora alama ta huɗu a kan ta bakwai, kuma da yake daga wayar amintaccen mai awo ya fito, ya wuce ba tare da kira ba. Taƙaitaccen saƙon dare ya fita yana cewa ruwa ya sauka. Mutum biyu da suka riga suka ɗaure injin a kan amalanke suka kwance shi suka koma barci. Allah ya taƙaita, domin wakilin ƙauyensu ya ga saƙon bai yarda da shi ba, ya kira ni yana cewa, "Malam, ruwan da nake ji da kunnena daga ɗaki ba mai sauka ba ne." Muka bi su da kira ɗaya bayan ɗaya. Injin guda ya sha ruwa, an kai shi Hadejia gyara, kuma kwamiti ya amince ƙungiya ta biya rabin kuɗin.

Laifin namu ne, kuma na faɗi haka a gaban taro. Kowace ƙofa tana da nata jinkirin: kira nan take yake, tes yana iya kwana a cibiyar kamfani, fom yana iya kwana biyu a aljihu, saƙon murya kuma yana jiran ranar da aka sayi data. Gurbin yaushe ya kamata tun farko ya zama biyu, lokacin da aka ga abu da lokacin da labarinsa ya iso. Da muka zo gyarawa sai muka ci karo da wata matsalar, wato agogon ƙananan wayoyi ba abin dogaro ba ne, domin mai caji yakan cire batir ya ɗana shi a allonsa, idan an mayar sai wayar ta koma wata tsohuwar shekara, ba kuma mai damuwa ya saita ta. Don haka a labarin ruwa mun wajabta mai rahoto ya faɗi rana da lokacin salla da bakinsa, misali Alhamis bayan asuba, kuma duk rahoton da ya girmi wanda ke sama ana ajiye shi a tarihi ba tare da ya shiga saƙon fita ba.

A cikin binciken muka gano wani abin kuma. Rahotanni da yawa sun shigo sau biyu ko uku, domin mutum yakan tura tes, ya ji shiru, ya sake turawa ta WhatsApp, sannan ya yi filashin don ya tabbatar. Hatsarin shi ne sharaɗinmu na shaidu biyu yana iya cika da mutum ɗaya ta ƙofa biyu idan ɗaya layin na aro ne. Yanzu duk wanda ya turo yana samun gajeriyar amsa cewa an karɓa, da lambar rahotonsa. Naira 6 ce kowace amsa, ma'aji ya yi tsaki amma ya sa hannu.

Lahadi, 7 ga Satumba

Hanyoyin fita sun zama huɗu: tes na yamma ga wakilan ƙauyuka, karatun murya na minti biyu da nake turawa zaurukan WhatsApp, takarda da ake liƙawa a ƙofar ɗakin ajiya, da sanarwar ladan bayan isha'i idan maganar ruwa ce. Mun gwada kamfanin tura tes da yawa don rage kuɗi, sai muka tarar saƙon ba ya isa ga wasu da suka taɓa tura STOP zuwa 2442 don toshe tallace tallace, muka koma tura wa wakilai goma sha biyu daga layinmu, su kuma su yaɗa.

Abin da ke gabanmu yanzu shi ne yawan saƙon murya, wanda ya fi ƙarfin mutum uku tun da aka fara yankan riɗi, har malamar ta ce ranar Juma'ar da ta wuce sai da ta kai sha ɗayan dare tana rubutu. Mun gwada wata manhajar mayar da magana rubutu a kan muryar sarkin ruwa, ta kama gaisuwar daidai, ta ɓata sunayen mashigai duka. Kwamiti zai zauna ranar Asabar kan ko za a ɗauki ɗalibai mata biyu daga islamiyya a riƙa ba su kuɗin data. Batirin tsohuwar wayar da ke kan taga ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, na ba direban da ke zuwa Kano ranar Talata kuɗi da sunan samfurin ya sayo wani a kasuwar wayoyi ta Farm Centre, kafin nan kuma ɗan yayana zai sa layin a tasa wayar ya riƙa kwana a ɗakin ajiya.